Yadda ake sasanta rikicin masunta a iyakar Najeriya da Kamaru

Rikicin kamun kifi tsakanin ƙasashe maƙwabta yakan taso ne saboda iyaka a tsaye take, ruwa da kifi kuwa suna tafiya. An ga haka ƙarara a Tafkin Chadi, wanda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kewaye.

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan, masunta daga ɓangaren Najeriya suka bi shi da kwale-kwalensu, har suka kafa ƙauyuka a yankin Darak. Hukumomin Najeriya suka ci gaba da mulkinsu a can, Kamaru kuma ta ce ƙasarta ce.

Hanyar sulhu ta farko ita ce hukumar haɗin gwiwa. Ƙasashen huɗu sun kafa Hukumar Kula da Tafkin Chadi a ranar 22 ga Mayu, 1964, a Fort Lamy, wato N'Djamena ta yanzu. Bayan arangamar sojojin Najeriya da na Chadi kan tsibiran tafkin a 1983, ita aka ɗora wa aikin shata iyakoki.

Ta biyu ita ce shari'a. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994 kan yankin tafkin da kuma Bakassi, wani wurin su da ke gaɓar teku a kudu. A ranar 10 ga Oktoba, 2002, kotun ta ba ta Darak da Bakassi. Najeriya ta miƙa ƙauyukan tafkin a Disamban 2003.

Sai dai hukunci ya fayyace mai ƙasa ne kawai, bai fayyace makomar masuncin da ya wayi gari a matsayin baƙo ba. Wannan ne ya kawo hanya ta uku, wato yarjejeniya. A wadda aka sa wa hannu a Greentree, Amurka, a ranar 12 ga Yuni, 2006, Kamaru ta ɗauki alkawarin ba za ta kori 'yan Najeriya mazauna Bakassi ba, kuma za ta mutunta 'yancinsu na ci gaba da noma da su. An kammala miƙa yankin a Agustan 2008.

Abin da ya rage shi ne na yau da kullum: kuɗin lasisi, haraji, girman idon koma da lokacin hana su. Muddin ƙasashen ba su daidaita waɗannan ƙa'idoji ba, masunci zai ci gaba da biya sau biyu a kan ruwa ɗaya.