Garin Alkama a Ƙasar Tambuwal, Daga Dutsen Niƙa zuwa Buhun Fulawa

A Jabo da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, gero da dawa ne cimar yau da kullum. Alkama kuwa abincin sallah ce da biki da saukar babban baƙo. Ta hanyar fataken Sahara ta shigo ƙasar Hausa, ana noma ta da rani a fadamu, ana ban ruwa da jigo. Shi ya sa ba ta taɓa yin arha ba.

Kafin zuwan inji, aikin duk na matan gida ne. A tsince tsakuwa, a wanke, a shanya, a surfa a turmi, a bakace a faifai, sannan a durƙusa gaban dutsen niƙa. A wurin tankaɗe ake gane gwana. Garin da ya fara zubowa daga rariya mai laushi shi ne na funkaso da alkubus. Tsakin da ya rage a kai ba a zubar da shi, a sake niƙawa ko a ajiye don alkaki. Dusa ta awaki ce. Babu yis a wancan zamani: ƙullu ake kwaɓawa a rufe a ƙwarya ya kwana, ya yi tsami ya tashi da kansa, in tsamin ya yi yawa a karya shi da ruwan kanwa. Burodin tsami da Turawa ke tinƙaho da shi a yau, a kan wannan hikimar yake tafiya.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Injin niƙa ya shiga ƙauyuka, ya hutar da mata ciwon baya, kuma babu mai kewar wannan wahala. Sai kamfanin Flour Mills ya fara niƙa a Apapa a 1962 da alkamar ƙetare, farar fulawa da burodin yis suka cika kasuwanni. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 don a noma ta gida, amma a 1992 aka janye dokar.

Fulawar buhu an raba ta da dusa da ƙwayar tsiro, don ta daɗe ba ta lalace ba, kuma tare da su ƙamshi da amfani mai yawa suka tafi. Mai son funkaso na gaskiya ya sayi tiyar alkama a kasuwa, ya kai inji, ya tankaɗe a gida.