Zanen Riga: Daga Hanyar Gallabat Zuwa Kwamfuta

Gallabat ƙaramin gari ne a jihar Gadarif, a gabashin Sudan, daidai bakin iyakar Habasha. Rafi ne kaɗai ya raba shi da garin Matamma. Tun ƙarni na 18 mutanen yamma masu niyyar zuwa Makka suke yada zango a nan, kafin su hau duwatsun Habasha, su bi ta Gondar su sauka Masawa a bakin Bahar Maliya. Larabawa suna ce da su Takarir. Da yawa ba su ƙarasa tafiyar ba, suka kafa gidaje suka zauna. Sa'ad da Bature Samuel Baker ya iso garin a 1862, ya tarar su ne suke riƙe da shi, suna noman auduga, fataken Habasha kuwa suna zuwa saye. Barebari da Fulani da Hausawa suka yi ta biyo sawu zuwa Sudan, balle bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas. Har wa yau akwai Hausawa masu yawa a ƙasar Gadarif.

Tafiyar takan ci shekaru, sai mutum ya riƙa tsayawa yana neman guzuri. Wani ya yi noma, wani wanzanci, wani ɗinki. Mai allura ya fi kowa sauƙin kaya, gama allura da zare ba su cika aljihu ba. Abin da ya fi su daraja kuwa, wato zanen aikin, a kansa yake, ba ɗan fashin da zai iya ƙwace shi. Labarin da ke biye na wannan zane ne: yadda ya sauko daga kan mutum zuwa takarda, har ya shiga kwamfuta.

A ƙasar Hausa, babbar riga aikin hannuwa da yawa ce. Mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa ƙyallaye, maɗinki ya harhaɗa su, sa'an nan a kai wa mai zane. Sau da yawa mai zanen nan malami ne, domin hannunsa ya riga ya saba da alƙalami da tawada. A jikin rigar yake zanawa kai tsaye, a kan aljihu da gefen wuya da baya. Kowane zane da sunansa: akwai aska biyu, da aska takwas, da tambari mai kewaye kamar ganga. Bayansa masu allura su bi layin da zaren auduga, ko na tsamiya, ko alharini da ake kawowa ta hamada daga Tarabulus. Riga ɗaya mai nauyin aiki takan ɗauki watanni. Daga ƙarshe mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi. Da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya ga tufafin garin suna tafiya har Timbuktu da Gat da Murzuk.

Yaro yakan koyi zanen ta wurin zama kusa da mai gidansa shekara da shekaru, yana kallo, yana gwadawa. Wannan hanya tana da kyau, gama wanda ya koya haka ya san dalilin kowane layi. Amma tana da haɗari guda. Idan gwani ya mutu bai bar magaji ba, zanensa yakan bi shi kabari.

Turawa sun bi wata hanya dabam. Tun wajen 1524 aka buga littafin zane-zanen ɗinki a Augsburg ta Jamus. A farkon ƙarni na 19 masu buga takardu a Berlin suka fara sayar da zane a kan takarda mai ƙananan gidaje kamar na dara, an shafa wa kowane gida launinsa. Gida ɗaya, sukar allura ɗaya. Mace tana zaune a wata ƙasa, ba ta taɓa ganin mai zanen ba, sai ta ƙirga gidajen ta fitar da aikin daidai. Irin wannan ɗinkin ƙirge ya iso Afirka ta makarantun 'yan mata, na mishan da na gwamnati, inda aka koyar da ɗinka kyallen tebur da rigar matashi. A daidai wannan zamani, a 1804, Joseph Marie Jacquard na birnin Lyon a Faransa ya ƙera masaƙa mai karanta zane daga katuna masu huji. Tun daga nan aka gane za a iya mai da zane ya zama lissafi, na'ura kuma ta bi shi.

A ƙasar Hausa canji ya zo a hankali. Kekunan surfani sun yaɗu a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, aikin wata guda ya koma na kwana biyu ko uku. Maza da yawa suka bar allura suka shiga makaranta da aikin albashi. A Birnin Zariya, daga shekarun 1970, mata suka karɓi ɗinkin hannu na riguna a cikin gidajensu, ya zama musu abin rufin asiri. A lokacin ne kuma David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ya dukufa kan nazarin zanen Hausawa, har aka nuna kayan da ya tara a London a 1976.

Wajen 1980 kamfanoni irin su Wilcom na Ostareliya suka fito da manhajar tsara surfani a kwamfuta, masu ƙera kekuna irin su Tajima da Barudan na Japan kuwa suka yi kekuna masu kawuna da yawa, masu ɗinka zane guda a kan tufafi barkatai a lokaci ɗaya. Masu ɗinkin hannu ma sun sami nasu rabo, da manhajoji irin su PCStitch. Aikinsu ba wuyar ganewa. A sa hoton zane a kwamfuta, ita kuwa ta raba shi gida-gida, ta ba kowane launi alamarsa da lambar zarensa, ta ƙirga sukar allura, sa'an nan a buga a takarda. A ce yadin yana da gidaje 14 a kowane inci. Zane mai inci 10 tsawo da inci 10 faɗi zai ci gidaje 19,600. Abin da mutum zai kwana yana ƙirgawa, kwamfuta ta gama kafin a sha ruwa. Yau a Kano da Kaduna da Zariya, ana ganin aikin irin kekunan nan a wuyan kaftani.

Sai dai akwai abin lura. Aikin rigar Hausa layi yake bi, ba a ƙirga masa gidaje. Zanen hula mai kusurwoyi yakan zauna daram a takardar gidaje, amma kewayen tambari yakan fito kamar matakala in ba a ƙanƙanta gidajen ƙwarai ba. Kwamfuta kuma ba ta san dalilin da ya sa askar nan ta fi waccan tsawo ba. Abin da aka ba ta shi take maimaitawa, daidai ko kuskure. Zanen da iyali suka yi shekaru suna ci da shi, yanzu wani yana iya ɗaukar hotonsa da waya, ya buga ɗari, ba ko sannu ga masu shi. Tsohuwar da ta yi wata biyu a kan riga guda ba ta iya yin gasar farashi da keke mai kawuna goma sha biyu.

Duk da haka na'urar nan tana iya toshe ramin da ya daɗe yana cinye zanen magabata. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, dubban mutane suka ƙetare ta Gallabat zuwa Matamma, ta hanyar nan da alhazan dā suka bi, da ɗan abin da hannu zai iya ɗauka. A irin wannan rana rigar kaka ta gado takan zauna a gidan da aka bari. Zanen da aka riga aka adana a waya ko a takarda kuwa yakan ƙetare tare da mai shi.

Saboda haka aikin da ke gaban matasa masu sanin kwamfuta a fili yake. Su je wurin tsofaffin gwanaye tun suna da rai, su nemi izini, su ɗauki zanen, su rubuta sunansa da garinsu da wanda ya koya musu. In an sayar da aikin, a tuna da mai shi. Su kuma zauna su koyi riƙe allurar da kansu, gama takarda tana nuna inda za a soka, amma jan zare sai a hannun gwani ake koyonsa. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.