Shekarun Shiga Soja: Daga Sahun Uhudu Zuwa Dafo na Zariya

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an gabatar da Abdullahi ɗan Umar ga Manzon Allah (SAW) ranar Uhudu yana da shekara 14, bai ba shi izini ba. Ranar Handaƙu, yana da 15, ya karɓe shi. Da Nafi'u ya ba Halifa Umar ɗan Abdul'aziz wannan labari, sai ya mai da shi iyaka tsakanin yaro da babba, ya rubuta wa gwamnoninsa su yanka wa ɗan shekara 15 rabo a diwani.

Sai dai tun a Uhudun ba a tsaya ga ƙidaya kaɗai ba. Malaman sira sun ce an karɓi Rafi'u ɗan Khadiju saboda gwanin harbin baka ne. Samura ɗan Jundubu, da aka mayar, ya ce ai yana kayar da Rafi'u. Aka sa su kokawa, ya kayar da shi, shi ma aka karɓe shi. A nan, a ganina, Malikiyya suka fi kusa da abin da ya auku. Mashhurin mazhaba ya kai balaga ta shekaru zuwa 18, amma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda har gobe ake biyawa a zaurukan Gaya da Ajingi, ta ba yaron da bai balaga ba rabon ganima idan ya iya yaƙi, shugaba ya yarje masa, ya kuma yi yaƙin.

Rundunar Kano kafin zuwan Nasara a 1903 ta ginu ne bisa iyawa da jingina ga uban gida. Ana bambanta barade da 'yan lifida da 'yan baka da dakaru ta wajen doki da makami. Takardar haihuwa babu ita, balle a tambaya.

Takarda ta shigo ne da sojan zamani. An kafa Dafo na Zariya a 1924, makarantar yaran soja a 1954, sannan NDA ta Kaduna a 1964. A yau ana neman kurtun sojan ƙasa marar sana'a tsakanin shekara 18 da 22, a ɗaga wa mai sana'a zuwa 26, kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana ɗaukar wanda bai kai 18 ba.

Abin lura shi ne matsalar ta juya. Yaran Uhudu ƙoƙarinsu a gan su manya, shi kuwa saurayinmu da ya daɗe a makarantar allo, ya gama sakandare a makare, so yake ya rage shekarunsa, sai ya nufi kotu ya rantse. Dokar shekaru ijtihadin shugaba ce, ana iya neman a sassauta ta ga irin waɗannan matasa. Amma rantsuwa bisa ƙarya da gangan ita ce yaminul gamus, wadda Malikiyya suka ce kaffara ba ta kankare ta, sai tuba.