Mai Naushi da Mai Kalangu

Duk wanda ya tashi a Sabon Garin Zariya a tsakanin mahauta, ko ya yi zama a Samaru a zamanin da rediyo mai kaset ta zama ado a ɗakin kowane saurayi, ya san cewa tarihin dambe da kokawa a ƙasar Hausa yana bakin makaɗa ne. Domin kuwa da yawa daga cikin mazajen da suka yi kisa a fage, suka kwantar da abokan karawarsu a gaban taron jama'a, yau ko sunansu ba a tunawa, alhali wanda Allah ya haɗa shi da makaɗi mai fasaha, har jikokin waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba suna nan suna ambatonsa. Mu da muka girma muna riƙe wa manya zare idan za a ɗaure hannu, mun ɗauki wannan rabon aiki tamkar hukunci ne da ba ya karɓar jayayya: mai naushi daban, mai kalangu daban.

Sabon Gari ɗan jirgin ƙasa ne. Tun da layin dogo ya iso Zariya a 1911, baƙi daga kudu da arewa suka yi ta sauka a bayan ganuwa, inda dokar birni ba ta matsa musu ba, kasuwa ta kafu, mayanka ta kafu, kuma inda duk mahauta suka taru, to kalangu ya samu gida, tun da shi ne kiɗan sana'arsu, da shi ake shelar an yi yanka, da shi kuma ake kiran ɗan dambe fage. Asalin dambe gadon rundawa ne, wasan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida, aljihun manomi ya yi nauyi, sai ayarin 'yan dambe su riƙa bin garuruwa suna neman abokan karo. Zaman bariki ne ya raba wasan da lokacinsa, ya kewaye fage da zana ko kwano, ya sa mai karɓar kuɗi a ƙofa, har aka wayi gari mutum yana iya rayuwa da hannunsa na dama shekara zagaye, ana lissafa shi cikin Kudawa ko 'yan Arewa ko Guramada ko Jamus, gwargwadon ɓangaren da ya yi wa mubaya'a.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa ba zai zaci naushin ne farkon al'amari, alhali kuwa kafin a kai hannu an riga an yi rabin wasan. Ɗan dambe yana zaune cikin yaransa, an naɗe masa hannu da ƙyalle an bi da zare har ya yi tauri, layu da kambuna suna damtse, fuskarsa ba yabo ba fallasa, sai makaɗi ya matse kalangu a hammata ya saki takensa, wato wannan ɗan gajeren kiɗa da aka keɓe masa shi kaɗai, wanda ko cikin barci ya ji zai gane. Nan take sai ka ga jikinsa ya ɗauki tsuma, ya miƙe, ya buɗe hannuwa, ya fuskanci makaɗa, kiɗa ya tsaya cak, shi kuma ya shiga kirari da murya mai karkarwa, yana ambaton ubangidansa da garinsu da waɗanda ya kashe, yana cika baki yadda a wani wuri daban za a ce masa marar kunya. Wannan kirari, in an duba shi da idon insafi, waƙa ce cikakkiya, mai awo da balaga da azanci, kuma mai ita shi ya tsara abinsa. Saboda haka kada wani ya ce ɗan damben Hausa ba fasihi ba ne. Amma iyakarsa ke nan. Da ya rufe baki sai makaɗi ya karɓe zance, kuma abin da makaɗi ya faɗa shi ne zai bi kasuwanni.

Na daɗe ina nazarin dalilin wannan iyaka, kuma a ganina ba ya rasa nasaba da abin da malamanmu na fiƙihu suka tabbatar, cewa shaidar mutum a kan abin da zai amfane shi ba ta karɓuwa. Dambe wasa ne da ba wanda ya san ƙarshensa; ana iya yin turmi uku a tashi babu kisa, ana kuma iya kwantar da shago da naushin farko, ta hannun yaron da ba a san sunansa ba. Abin da yake haka yana bukatar shaida daga waje, wanda ya gani da idonsa, wanda kuma zai yi asarar mutuncinsa in ya yabi rago. Makaɗi shi ne wannan shaida, 'yan amshinsa su ne masu tazkiyya, kuɗin da ake masa kari kuwa ladan ɗaukar riwaya ne. Jama'a suna sauraron kirarin ɗan dambe don nishaɗi, suna murmushi, sun san da'awa ce. Hukunci sai an ji daga kalangu.

Ba a taɓa samun hujja a kan haka kamar ta Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi ta Sakkwato, Allah ya jiƙansa, da ɗan dambensa Shago ba. Ɗan Anace ya yi wa Ɗan Dunawa waƙa, ya yi wa wasu mazaje da manoma, amma waƙar Shago ce ta zama bakandamiyarsa, har ta kai wanda bai san hannun mashi da na garkuwa ba yana iya rera ta, kuma a shekarun 1970 da 1980, tsakanin Rediyon Kaduna da masu sayar da kaset a bakin tasha, da wuya ka ratsa kasuwar Sabon Gari daga 'yan nama zuwa 'yan hatsi ba ka ji muryarsa tana tashi daga wata rumfa ba. Abin lura a nan shi ne, tsofaffin fage suna ruwaito cewa shi kansa ya ɗaura zare a ƙuruciyarsa kafin ya rungumi kiɗa, kuma duk mai kunne zai gaskata, saboda yadda yake siffanta tsoro da mutuwa da dakewar zuciya siffantawar wanda ya taɓa jin nauyin hannun namiji a haƙarƙarinsa ce. Sai dai bai haɗa biyun a lokaci guda ba. Ya ajiye ɗaya ya ɗauki ɗaya, kuma da ya zama makaɗi, wasu ya ɗaukaka.

Samaru kuwa, tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta zama wurin da ake kawo wannan gado a shimfiɗa shi a kan tebur. Ɗalibai suka riƙa sauka Sabon Gari da rikoda, suna ɗauko waƙoƙi suna rubutawa baiti-baiti, malamai irin su marigayi Farfesa Dalhatu Muhammad suna koyar da nazarin waƙar Hausa, har a 1988 jami'ar ta yafa wa Mamman Shata, wanda shi ma makaɗin kalangu ne, alkyabbar digirin girmamawa. Abin farin ciki ne, amma ya ƙara tabbatar da rabon da aka gada, gama ilimin zamani ma makaɗi ya bi. Ɗan dambe ya shiga kundayen bincike ne a matsayin sunan da aka ambata cikin waƙar wani. Malaman zaure su ma ba su ba shi mafaka ba, don ko da yake sun san riwayar kokawar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana, sun kuma san hanin da aka yi game da dukan fuska, balle ga layu da tsafe-tsafen da ba a rasa ba.

Ana cikin haka sai talabijin ta kawo mana kokawar Turawa. Yaran unguwa suka riƙa cunkusuwa a tagar duk gidan da ke da akwati, ana kallon Mighty Igor da Mil Mascaras mai rufe fuska, ana kuma alfahari da namu na gida, Michael Okpala, wanda duniya ta sani da Power Mike, zakaran Afirka a shekarun 1970. Gardama ta kaure a majalisu kan ko gaske ne ko shiri, amma mahauta ba su ɓata lokaci ba, suka ce wanda aka maka da ƙasa haka in gaske ne ba zai tashi ya ci gaba da zagaya fili ba. Sun yi gaskiya, ko da yake raunukan da ake ji na gaske ne. Daga baya bidiyo da tauraron ɗan adam suka cika gidajen kallo na Samaru da wannan wasa, kuma a nan ne 'ya'yanmu suka san wani mutum da ya rushe ƙa'idar da muka tashi a kanta.

Sunansa na yanka Christopher Irvine, an haife shi a 1970 a Amurka, inda mahaifinsa Ted Irvine yake wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, ya girma a Winnipeg ta Kanada, ya koyi kokawa a Calgary a 1990, kuma tun daga laƙabin da ya zaɓa, Chris Jericho, ana iya gane inda zuciyarsa take, tun da daga sunan wani faifai na makaɗan Helloween na Jamus ya samo shi. Ya yi yawon neman ƙwarewa a Meziko da Japan kamar yadda namu suke bin garuruwa da kaka, ya shiga kamfanin WWF a 1999, kuma a daren 9 ga Disamba 2001 aka ba shi nasara a kan The Rock da Steve Austin ɗaya bayan ɗaya, ya haɗe kambuna biyu a hannunsa. A cikin shekarar 1999 ɗin dai ya haɗu da makaɗin jita Rich Ward suka tayar da ƙungiyar kiɗan rok mai suna Fozzy, wadda ta fara kamar raha, suna maimaita waƙoƙin wasu, shi kuma yana fakewa da wani sunan barkwanci, mutane suna cewa sha'awar ɗan kokawa ce za ta wuce. Ba ta wuce ba. A 2005 ya jingine kokawa har shekara biyu, ya ba kiɗa da rubutu lokacinsa, sa'an nan a 2017 suka fitar da waƙar Judas, wadda ta samu karɓuwar da ba su taɓa samu ba.

Abin da ya sa na kawo labarinsa shi ne abin da ya yi da wannan waƙa. Ya mayar da ita takensa. Da ita ya fito a Tokiyo ranar 4 ga Janairu 2018 don karawa da Kenny Omega, da ita ya shiga sabon kamfanin AEW, inda ya zama zakaransu na farko a watan Agusta 2019, kuma 'yan kallo suka ɗauki al'adar rera ta tare da shi, ko an kashe na'ura su ci gaba. Har a wata karawa a 2021, da aka sharɗanta cewa ba za a sa masa waƙar ba, jama'ar da ke zauren suka rera ta da bakinsu daga farko, ba kiɗa ba komai, yana tafe yana murmushi. Ga mutum shi ne ɗan wasa, shi ne makaɗin kansa, 'yan kallo kuma sun zama 'yan amshi. Da a fagen Sabon Gari ne wani ya karɓi kalangu ya kaɗa wa kansa take, sa'an nan ya ajiye ya ɗaura zare, da an yi masa dariyar da ba zai sake fitowa ba.

Ban ɗauki wannan a matsayin fifiko gare shi a kan Shago ba, ban kuma ɗauke shi aibi ba. Haƙiƙanin al'amari shi ne sana'o'in nan biyu da ake mamakin ya haɗa, sana'a ɗaya ce. Kokawar da aka riga aka rubuta ƙarshenta ba ta bukatar shaida, tana bukatar mai iya riƙe zukatan jama'a ne, ya sa su ƙi shi yau su so shi gobe, kuma wannan ita ce baiwar mawaƙi a kan dandamali. Shuhurar Jericho ma tun asali a bakinsa take fiye da damtsensa. In za a nema masa ɗan'uwa a cikinmu, to a layin Ɗan Anace za a tsayar da shi. Amma inda kokawa ta gaske ce, kamar a Jamhuriyar Nijar, inda gwamnati ta ɗauki kokawa da muhimmanci tun gasar takobi ta farko a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya ci, har zuwa zamanin Isaka Isaka na Dosso, ba a ga zakaran da ya kori makaɗinsa ya karɓi ganga ba, saboda can ma ƙasa ce take yanke hukunci.

Sai dai zamani ya fara taɓa tsohon rabon ta wata fuska. Yau kowane turmi da aka yi a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei ko a Kano, kafin gari ya waye yana cikin wayar yaran Samaru, kuma hoton bidiyo ya zama shaidar da ba ta neman kari. Matasan 'yan dambe suna da shafukansu a Facebook da TikTok, suna yaɗa kirarinsu da kansu, makaɗi kuwa ana kiransa ne don ya ɗumama fage. Waya tana nuna yadda aka yi kisa, amma ba ta san uban wanda aka kashe ba, ba ta san tsohuwar gabar da ke tsakanin gidajen biyu ba.

Akwai tsofaffin 'yan dambe da suka rage a Sabon Gari, wasu suna bakin teburin nama, wasu ƙafa ta hana su fita, kuma kowannensu yana riƙe da kirarinsa a ka, da na ubangidansa, da na wanda ya koya wa ubangidan. Ina roƙon malamai da ɗaliban sashen harsuna na Samaru, waɗanda tsakaninsu da Sabon Gari kuɗin mota ɗaya ne ta Kwangila, su je su ɗauko wannan kirari daga bakin masu shi, su rubuta shi da sunan kowane mutum da garinsu da ɓangarensa, kamar yadda aka yi wa makaɗa.