Ƙuri'ar Ajiya: Tarihin Haƙƙin Mai Zaɓe a Ƙasar Kano

Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin wata tambaya wadda ta daɗe tana damun masu shirya zaɓe, watau yaya za a yi da mutumin da ya iso rumfar zaɓe da haƙƙinsa, amma wata tangarɗa ta hana shi jefa ƙuri'a? Alal misali, manomi ne daga ƙauyukan bakin kogin Watari, a ƙasar Bagwai ko Bichi, ya dawo daga cin-rani takanas domin zaɓe, sai malamin zaɓe ya duba littafi ya ce ai mai wannan suna ya riga ya jefa. A karkara mai cunkoson jama'a irin wannan, inda mutum goma kan yi tarayya a suna ɗaya, ba lalle ne a ce maguɗi aka yi ba. Kuskure kaɗai ya isa ya jawo haka.

A zaɓen 1951 wannan tambaya ba ta taso sosai ba, domin zaɓe ne na hawa-hawa, talakawa su zaɓi wakilai a bainar jama'a, wakilan kuma su zaɓi na gaba da su. Dagaci da masu unguwa sun san kowa, su ne shaida. Amma a zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959 an yi amfani da rajista da ƙuri'ar asiri, kowane ɗan takara da akwatinsa mai alama: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Tun daga ranar sai littafi ya maye gurbin idon dagaci. Da matan Arewa suka shiga zaɓen tarayya a 1979, sai littafin ya ƙara kauri, kurakuransa kuma suka ƙaru.

Maganin da doka ta tanada gadon Ingila ne, daga dokar ƙuri'ar asiri ta 1872, kuma ya ci gaba har cikin Dokar Zaɓe ta Nijeriya ta 2010. Wanda aka jefa ƙuri'a da sunansa akan ba shi takarda mai launi dabam, ya dangwala, shugaban rumfa ya rubuta sunansa da lambarsa a kanta, ya sa ta a ambulan na musamman, ba cikin akwati ba. Ita ce za a iya kira ƙuri'ar ajiya. Amfaninta shi ne tana zama shaidar cewa mutumin ya zo. Aibinta kuwa, ta tona asirin wanda ya zaɓa. A Amurka, bayan rikicin Florida na 2000, dokar 2002 ta faɗaɗa wannan dabara: duk wanda sunansa ya ɓace a littafi zai jefa tasa a ajiye, in an tabbatar da cancantarsa a ƙirga ta.

Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba. A farkon shekarun 1990 an koma tsarin ƙato bayan ƙato, inda layi ne ƙuri'a, babu abin ajiyewa. A 2015, da na'urar tantance kati ta riƙa ƙin karanta yatsu, har da na Shugaba Jonathan kansa ran 28 ga Maris, sai hukumar INEC ta yarda a cika fom ɗin tangarɗa, mutum ya jefa cikin akwati tare da kowa. Hannun manomi da fartanya ta cinye masa zanen yatsa ya amfana, amma ƙuri'ar da ta shiga akwati ba ta sake rabuwa da 'yan'uwanta, ta gaskiya ce ko ta ƙarya. Saboda haka a zaɓen 2023 aka dogara da na'urar BVAS, aka yi watsi da fom ɗin.

Jihar Kano ta ɗanɗana kuɗar rashin hanyar ware ƙuri'a mai shakka ita kaɗai. A zaɓen gwamna na 9 ga Maris 2019 an soke rumfuna sukutum, har da na mazaɓar Gama, aka ce zaɓe bai kammala ba sai da aka sake ran 23 ga wata. A Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zubar da ƙuri'u 165,663 saboda rashin hatimi da sa hannun ma'aikata, sai a 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta maido da su.

Abin lura a nan shi ne, a yawancin waɗannan al'amura laifin na littafi ne, ko na na'ura, ko na ma'aikaci, ko na 'yan bangar siyasa, amma mai zaɓe ne ke biyan bashin. Hausawa kan ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa. To, manomin Watari bai yi ƙiwa ba, tun da ya bar aikinsa ya tsaya a rana. Ya rage ga masu tsara doka su samar da hanyar da za ta ajiye ƙuri'arsa har a bincika, ba tare da an tona asirinsa ko an zubar da haƙƙinsa ba.