TARIHIN TUKUNYAR TURURI: YADDA RUWA YA KOMA CIKIN BUTUTU, WUTA TA KOMA WAJE

Da misalin ƙarfe biyu na daren 27 ga Afrilu, 1865, wani jirgin ruwa mai suna Sultana yana haurawa kogin Mississippi a Amurka, bai yi nisa da birnin Memphis ba. Mutum 376 aka yarje masa ya ɗauka, amma a wannan dare mutanen da ke cikinsa sun haura dubu biyu. Yawancinsu sojoji ne da aka sako daga sansanonin fursunoni a ƙarshen yaƙin basasa, kowa yana ɗokin ganin gida. Kwanaki kaɗan kafin nan an yi wa ɗaya daga tukwanen tururinsa faci a garin Vicksburg, cikin gaggawa, don kada lodi ya wuce jirgin. Tukwanen suka fashe, jirgin ya kama da wuta, sama da mutum 1,100 suka rasa rayukansu.

A wancan zamani fashewar tukunyar tururi ba baƙon labari ba ne. Yawan gawar ne kawai ya sa na Sultana ya yi fice. Masaƙu, injinan yankan katako, jiragen ƙasa da na ruwa, duk da tururi suke aiki, kuma kusan duk tukwanensu ƙira ɗaya ce: ƙatuwar gangar ƙarfe cike da ruwa, zafin wuta yana ratsawa ta cikin bututai a tsakiyarta. Ko jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 irin tukunyar da ke jansa ke nan.

Illar wannan ƙira lissafi ne mai sauƙi. Gwargwadon faɗin ganga, gwargwadon kaurin bangon da take buƙata kafin ta riƙe matsin tururi. In ka ninka faɗin, dole ka ninka kaurin. Ganga mai faɗin ƙafa shida tana buƙatar bango da ya ninka na bututu mai faɗin inci huɗu sau goma sha takwas, in dai matsi ɗaya za su ɗauka. Sannan ruwan da ke ciki ya riga ya wuce zafin tafasa, matsi ne kawai ya danne shi. Da zarar bango ya tsage, sai wani kaso nasa ya zama tururi nan take, tururi kuwa yakan ci wurin da ya ninka na ruwa wajen sau 1,600. Wannan ne ke ɗaga rufin masana'anta ya jefar a titi.

Maganin a fili yake: a juya ƙirar. Ruwa ya bi cikin ƙananan bututai, wuta ta kewaye su daga waje. Siririn bututu yana jure matsi mai yawa, yana saurin ɗaukar zafi, in kuma ya fashe, shi kaɗai ya fashe.

Tun da daɗewa an san haka. James Rumsey ya yi rajistar irin wannan tukunya a 1788. John Stevens na jihar New Jersey ya sa ta a wani ƙaramin jirgin ruwa da ya gwada a kogin Hudson a 1804. A Ingila, Goldsworthy Gurney ya ɗora ta a kan motar tururinsa a shekarun 1820. Duk waɗannan masu basira ne, amma tukwanensu ba su yaɗu ba. Maƙeran lokacin ba su iya fitar da bututu mai ƙwari da araha ba. Mahaɗar bututu da ganga kullum cikin yoyo take. Uwa uba kuma ruwan da kansa: ruwan rijiya ko na kogi yana ɗauke da laka da gishirin ƙasa, in ya tafasa sai su manne a bangon bututu kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Ƙanzon nan yana hana zafi isa ga ruwa, ƙarfe ya yi ja, ya kumbura, ya tsage. Dabara ta riga kayan aiki isowa da kusan shekara tamanin, kuma haka abin ya yi ta maimaita kansa a kowane mataki na wannan tarihi.

Wanda ya fara warware ƙullin shi ne Stephen Wilcox, mutumin jihar Rhode Island. A 1856 ya fito da tukunya mai bututai a karkace, don ruwan da ya ɗauki zafi ya riƙa hawa da kansa. A 1867 shi da abokinsa George Babcock suka yi rajistar ingantacciyar ƙira suka kafa kamfani, suka riƙa tallar hajarsu da sunan tukunyar da ba ta fashewa. Abin da ya sa tasu ta karɓu shi ne sun yi tunanin mai gyara. Bututan miƙaƙƙu ne, kowanne da 'yar ƙofa a daidai bakinsa, ma'aikaci ya buɗe, ya zura ƙarfe ya kankare dattin, ya mayar ya rufe. In bututu ɗaya ya lalace a zare shi a sa sabo. A sama kuma ga ganga guda inda tururi ke rabuwa da ruwa, nesa da harshen wuta.

Da Thomas Edison ya buɗe tashar lantarki ta titin Pearl a New York a 1882, tukwanen Babcock da Wilcox ya sa. A 1888 Allan Stirling ya zo da tukunya mai lanƙwasassun bututai da suka haɗa ganguna da yawa, domin lanƙwasa tana barin ƙarfe ya miƙe ya tsuke da zafi ba tare da ya ɓalle daga mazauninsa ba. Kamfanin Babcock ya saye na Stirling a 1906.

Duk da haka tsofaffin tukwane ba su daina kisa ba. A 1905 tukunyar wata masana'antar takalma a Brockton, jihar Massachusetts, ta tashi ta ratsa benaye, mutum 58 suka mutu. Bayan wannan ne jihar ta kafa dokar ƙera tukwane, ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASME kuma ta fitar da kundin ƙa'idojinta na 1914, wanda har yau ake sabunta shi ana aiki da shi a ƙasashe da dama.

A teku kuwa, ba tsoron fashewa kaɗai ya ja hankalin sojojin ruwa ba. Suna son tukunya marar nauyi, mai tayar da tururi cikin ɗan lokaci, domin tsohuwar ganga sai ta shafe sa'o'i kafin ta yi zafi. Wani mai ƙera jiragen ruwa a Landan, Alfred Yarrow, ya so ya ga da idonsa yadda ruwa ke zagayawa. Sai ya samo bututun gilashi ya lanƙwasa shi gida biyu, ƙafafu biyu a tsaye, ya haɗa su da tanki a sama, ya cika da ruwa. Ya kunna wuta a ƙafa ɗaya, kumfa ta taso, ruwan wannan ɓangare ya yi sauƙi ya hau, na ɗayan ya sauko ya maye gurbinsa. Wannan kowa ya zata. Masana na cewa in aka ɗumama ƙafar da ruwa ke saukowa, zagayen zai tsaya. Yarrow ya kunna mata wuta, sai gudun ruwan ya ƙaru. Gani ya kori ji. Muddin ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zafi, ruwa zai ci gaba da zagaye. Tukunyar da ya ƙera mai ganga uku ce, ɗaya a sama, biyu a ƙasa, miƙaƙƙun bututai sun sauko dama da hagu, wuta a tsakiya. Jirgin yaƙi Hornet na 1893 da ita ya yi gudu.

Rundunar ruwan Ingila ta ɗanɗana kuɗarta kafin ta gane hanya. Ta sayi ƙirar Bafaranshe Julien Belleville, ta sa tukwane 48 a kowanne daga manyan jiragenta biyu, Powerful da Terrible, a tsakiyar shekarun 1890. Sai ƙorafi ya yi yawa: yoyo, cin kwal, lalacewa a tsakiyar tafiya. Wani ɓangare na laifin na ƙira ne, wani kuma na hannun da ke riƙe da ita. Sabuwar tukunya ruwanta kaɗan ne, in mai kula ya yi sakaci na 'yan mintuna sai bututu ya bushe ya ƙone, masu zuba kwal kuwa sun saba da tsohuwa mai haƙuri. Magana ta kai majalisa, aka kafa kwamiti a 1900, daga ƙarshe aka bar Belleville aka koma Babcock da Yarrow. Jirgin Dreadnought na 1906 tukwanen Babcock 18 ya ɗauka.

Da aka samu sauƙin fashewa, hankali ya koma kan kuɗin kwal. Tashoshin farko, irin ta Edison, ko kashi 5 cikin 100 na ƙarfin kwal ba sa mayarwa lantarki. Injiniyoyi suka bi sawun zafin da ke tserewa, suna tare shi mataki-mataki. Hayaƙi yana fita da zafi? Aka shimfiɗa masa bututan ruwan sanyi a hanya, dabarar da Edward Green na Wakefield ya yi rajista tun 1845. Tururi yana fita da danshi? Aka sake bi da shi ta wasu bututai cikin wuta har ya bushe ya ƙara zafi, aikin da Bajamushe Wilhelm Schmidt ya shahara a kai. Injin farfelar tururi da Charles Parsons ya ƙirƙiro a 1884 busasshen tururi yake so, don ɗigon ruwa yana cinye masa fikafikai. Iskar hura wuta tana shiga da sanyi? A 1920 Fredrik Ljungström na Suwidin ya fito da wani faifan ƙarfe mai juyawa a hankali, rabinsa yana kwasar zafi daga hayaƙi, ya juyo ya miƙa wa iska mai shigowa.

A 1918, a birnin Milwaukee, aka nuna cewa za a iya niƙa kwal ya zama gari a fesa shi cikin murhu ya ci kamar gas. Wuta ta yi ƙarfin da bulon bangon murhu ya fara narkewa. Maganin da aka samo ya sauya kamannin tukunya gaba ɗaya: aka jera bututan ruwa suka zama su ne bangon. Daga baya aka riƙa haɗa su da walda, bututu da bututu, har iska ba ta ratsawa. Babbar tukunyar tashar lantarki a yau ɗaki ne mai tsayin bene hawa ashirin ko fiye, an rataye shi daga sama don ya samu wurin miƙewa in ya yi zafi, kuma tana kama wajen kashi 90 cikin 100 na zafin man da ta ƙona.

Saura ganga. Ita ce yanki mafi faɗi, don haka ita ce mafi rauni. Da ƙusoshi ake haɗa ta, matsi yana ƙaruwa mahaɗa tana yoyo. A farkon shekarun 1930 aka amince da gangar walda, bayan an iya haska ɗinkin da hoton da ke ratsa ƙarfe a ga ko akwai rami a ciki. Amma tun 1922 wani injiniya mai suna Mark Benson ya kawo shawarar a jefar da gangar baki ɗaya. Hujjarsa ita ce in matsi ya haura ninki 218 na iskar da ke kewaye da mu, zafi kuma ya wuce digiri 374, ruwa ba ya tafasa. Babu kumfa, babu iyaka tsakanin ruwa da tururi, to me ganga za ta raba? Famfo ya tura ruwa ta wannan baki, ya fito ta wancan a shirye. Kamfanin Siemens na Jamus ya sayi haƙƙin dabarar. A Tarayyar Sobiyet, Leonid Ramzin, wanda aka yanke wa hukunci a shari'ar siyasa ta 1930, ya ci gaba da ƙera irin wannan tukunya yana tsare, gwamnatin da ta ɗaure shi kuma ta ba shi lambar yabo ta Stalin a 1943.

Nan ma sai da dabara ta jira ƙarfe. Sai a 1957 aka kunna tashar kasuwanci ta farko da ke aiki sama da wancan mizani, a Philo ta jihar Ohio, da matsi kimanin ninki 300 da zafin digiri 621. Tashar Eddystone kusa da Philadelphia ta zarce haka, ta kai kusan digiri 650, amma ƙarfe ya nuna gajiya, dole aka sassauta mata. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: tukunyar da ba ta da ganga ba ta da inda za ta tara datti a zubar, duk abin da ya shiga tare da ruwa ko ya manne a bututu ko ya wuce cikin injin. Shi ya sa ruwan da ake ba ta ya fi ruwan sha tsabta nesa ba kusa ba. Da wannan tsari ne tashoshin kwal mafi inganci a yau suke mayar da wajen kashi 45 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa lantarki, kuma injiniyoyi suna ta gwajin ƙarafa masu haɗin nikel da za su jure digiri 700.

Abin bai tsaya a ƙasashen Turawa ba. Tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu a jihar Legas, mai injina shida na megawat 220 kowanne, gas take ƙonawa ta dafa ruwa a cikin bututai. A Nijar, tashar Sonichar da ke Anu Araren a yankin Agadas tana ƙona kwal ɗin wurin tun farkon shekarun 1980, tana ba Agadas da ma'adinan Arlit wuta. Duk wanda ya yi aiki a irin waɗannan wurare zai gaya maka cewa yoyon bututu yana cikin manyan abubuwan da ke sa a kashe inji, kuma sau da yawa asalinsa ruwa ne da ba a tace da kyau ba, ko gyara da aka yi ta ɗagawa. Ana iya sayo ƙira mafi zamani daga kowace ƙasa, amma mai gwada ruwa kowace safiya, da mai walda da ya san aikinsa, da kuɗin gyara a kan lokaci, waɗannan dole a same su a gida. Yaranmu masu karatun injiniya su riƙe wannan.