Daga Kano Zuwa Skylab: Tarihin Masu Gyara a Sama

A Cheberu, idan sama ta washe bayan Magariba, wani lokaci mukan ga haske yana ratsa taurari ba ya ƙyaftawa. Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ce, da mutane a cikinta, tana kewaya duniya cikin kusan minti 90. Kaɗan ne cikinmu suka san cewa Arewa na da hannu a farkon wannan tafiya.

Lokacin da Amurka ta shirya aika mutum ya kewaya duniya, hukumar NASA ta kafa tashoshin bibiyar kumbo a faɗin duniya. Biyu suna Afirka: ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano na cikin masu sauraronsa, tana miƙa rahoto zuwa Fulorida.

Kafin nan, a takarda, an riga an gina birane a sama. A 1952 Wernher von Braun ya tsara tasha mai siffar ƙafar keke, faɗinta kusan mita 76, wadda za ta riƙa juyawa don mazaunanta su ji nauyin jikinsu. Har yau ba a gina ta ba.

Abin da aka gina ya zo da wahala. A Maris 1965 Alexei Leonov na Tarayyar Sobiyet ya fita daga kumbo na kusan minti 12. Rigarsa ta kumbura, sai da ya rage iskar cikinta sannan ya iya komawa. Tasha ta farko, Salyut 1, ta tashi a 1971, kuma mutum ukun da suka zauna a cikinta sun mutu a hanyar dawowa. A 1973 Skylab ta Amurka ta isa sama da rauni: farantin hasken rana ɗaya ya yage, ɗayan ya maƙale. Pete Conrad da Joe Kerwin suka fita da almakashin ƙarfe suka kwance shi, tashar ta farfaɗo.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Tauraronmu NigComSat-1, da aka harba daga Sin a 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar farantin hasken rana. Babu wanda zai iya zuwa ya taɓa shi.

Mu masu rubuta manhaja mun san kyawun zane ba ya hana na'ura tsayawa. Idan ƙasarmu za ta sake kashe kuɗi a sama, tambayar farko ita ce: wa muka koya wa sauraro, wa muka koya wa gyara?